Gajerun fina-finan feleƙe a kan soyayyar jinsi ɗaya a wasannin ƙungiya: tambayoyi da amsoshi

Duk mai bibiyar bukukuwan baje kolin gajerun fina-finai zai lura da wani rukuni da ba ya ɓacewa daga jadawali: fim na minti bakwai ko goma sha biyu, ƙungiyar ƙwallo, gumi, jesi mai ƙyalli, da 'yan wasa biyu da suka fi kallon juna a kan kallon ƙwallon. Yawancin masu shirya su masu son jinsinsu ne, kuma da raha suke isar da saƙonsu. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansu.

Wane irin fim ake magana a kai?

Abu uku ne suka haɗu a wuri ɗaya. Fim ne gajere. Labarinsa na faruwa ne a cikin ƙungiyar wasa, ko ƙwallon ƙafa, ko zari-ruga, ko ƙwallon kwando, ko ƙwallon raga, ko tseren kwale-kwale. Sannan yana ɗaukar shaƙuwar da ke tsakanin 'yan wasa, irin rungumar nan da taɓa jiki da raɗa a kunne, ya zuzuta ta da gangan har ta koma kamar soyayya, ko ta zama soyayyar gaba ɗaya.

Ma'aunin gajarta ya bambanta. Masu ba da kyautar Oscar suna ɗaukar fim a matsayin gajere idan bai wuce minti 40 ba, har da jerin sunayen ƙarshe. Gasar gajerun fina-finai ta bikin Cannes a Faransa ta fi tsauri, minti 15 ne iyakarta. Mafi yawan fina-finan da muke magana a kansu suna ƙasa da wannan ma.

Mene ne wannan salon da ake kira kamp?

Wuce gona da iri ne da sani. Feleƙe, iyayi, karairaya da ƙaƙale, amma wanda mai yinsa ya san yana yi, mai kallo ma ya san ya sani. Marubuciyar Amurka Susan Sontag ce ta fito da shi fili a muƙalarta ta 1964, inda ta jera gajerun bayanai 58, kuma jigon maganarta shi ne son abin da aka ƙirƙira aka ƙawata fiye da kima, da mayar da abu mai nauyi abin wasa. Salon ya girmi muƙalar nesa ba kusa ba. A tsakanin masu son jinsinsu na Ingila da Amurka ya yi ƙarfi, a zamanin da fitowa fili ke kai mutum gidan yari, saboda hanya ce ta faɗin magana ba tare da an faɗe ta ba. Wanda ya gane ya gane, wanda bai gane ba ya yi dariya ya wuce.

A fim ɗin ƙwallo ga yadda yake kasancewa. Koci ya tsaya yana jawabin hutun rabin lokaci kamar mai karanta wasiƙar soyayya, hawaye na zuba. Alƙalin wasa ya ɗaga jan kati da yauƙi irin na mai nuna zoben alkawari. Mai tsaron gida ya yi tsalle, sai a tsayar da shi a iska har daƙiƙa ashirin, gashinsa na kaɗawa, kiɗan goge na tashi. Babu wanda ya yi abin da ba a yi a filin wasa, an dai ƙara wa komai gishiri ne.

Me ya sa sai wasannin ƙungiya? Me ya hana tanis ko gudu?

Nan ne zuciyar maganar. A ƙasashe da yawa, musamman na Turai da Amurka ta Arewa, namiji baligi ba ya riƙe hannun abokinsa a titi, ba ya kuka a kafaɗarsa, ba ya ce masa yana ƙaunarsa. Amma da an shiga fili sai dokar ta faɗi. A zura ƙwallo a raga, ƙarti goma su kwanta a kan mutum guda. A fitar da ɗan wasa, koci ya shafa masa ƙeya. A sha kaye a wasan ƙarshe, kyaftin ya bi yaransa ɗaya bayan ɗaya yana riƙe fuskokinsu da hannu biyu. Dubban mutane na kallo, babu mai cewa uffan.

Misalan na gaske suna nan birjik. A gasar cin kofin duniya ta 1998, Laurent Blanc ya mayar da sumbatar sanƙon mai tsaron gida Fabien Barthez al'ada kafin a take wasa, Faransa kuma ta ci kofin. A 1996 Diego Maradona da Claudio Caniggia sun sumbaci juna baki da baki suna murnar ƙwallo a Boca Juniors. A watan Afrilun 2010 Gary Neville ya kama fuskar Paul Scholes ya sumbace shi bayan ƙwallon da Scholes ya zura wa Manchester City ana dab da tashi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fito daga kan marubucin fim.

Tsarin wasannin kansa ma yana taimakawa. A turereniyar zari-ruga mutum takwas ne daga kowane ɓangare suke haɗa kai da kafaɗa, kuma na sahu na biyu yakan zura hannu ta tsakanin ƙafafun na gabansa ya damƙi rigarsa ko bakin wandonsa don kada sahun ya watse. Idan za a jefo ƙwallo daga gefe, da cinyoyi ake ɗaga mutum sama. A ƙwallon ƙafar Amurka mai raba ƙwallo yakan sa hannuwansa a ƙarƙashin abokinsa da ya sunkuya. Duk waɗannan dabarun wasa ne zalla, akwai dalilin kowanne. Sai dai daraktan da ke neman abin dariya ba ya buƙatar ƙirƙiro komai. Ya ajiye kyamara kawai, ya ƙi ɗauke ta da wuri.

Ɗan tanis shi kaɗai ne a ɓangarensa, raga ta raba shi da abokin karawa. Ɗan gudu yana cikin layinsa. Ƙungiya ce ke da ɗakin sauya kaya, da motar tafiya, da ɗakin otal da ake raba wa mutum biyu-biyu, da kishi a kan wanda koci ya fi so.

Ke nan ana nufin duk rungumar 'yan wasa tana ɓoye sha'awa?

A'a, kuma fim ɗin da ya dage a kan haka ya yi ƙarya. Mafi yawan wannan shaƙuwa abota ce da murna da gajiya. A wurare da dama na duniya maza suna tafiya riƙe da hannun juna, kuma babu wanda ke fassara shi da komai sai zumunci.

Masana sun daɗe suna ja-in-ja a kan inda iyakar take. Eve Kosofsky Sedgwick, a littafinta na 1985, ta yi bayanin cewa zumuncin maza da sha'awar maza suna kan igiya ɗaya ne, al'umma ce ke yanke ta a tsakiya da ƙarfin tsiya, tana tsaron wurin yankan. Kafin ita, masanin tatsuniyoyi Alan Dundes ya rubuta muƙala a 1978 yana fassara kusan kowane motsi na ƙwallon ƙafar Amurka da ma'anar jima'i, abin da ya harzuƙa masoya wasan. A ganina Dundes ya zarce. Fina-finan da suka fi armashi ba sa cewa "duk haka kuke". Abin da suke tambaya ya fi wannan kaifi: idan a cikin mutum goma sha ɗayan nan akwai guda da rungumar ke nufin wani abu dabam a wurinsa, yaya rayuwarsa take? An ba shi izinin taɓawa, an hana shi izinin faɗi.

Daga ina salon ya samo asali?

Daga takunkumi. Ƙa'idar tace fina-finai ta Hollywood, wadda aka fi sani da sunan Hays, an fara aiki da ita da gaske a 1934, kuma ta haramta nuna soyayyar jinsi ɗaya har sai da aka sassauta a 1961, aka soke ta baki ɗaya a 1968. A tsawon wannan lokaci motsa jiki ya zama mafaka. A 1945 wani mai ɗaukar hoto a Los Angeles, Bob Mizer, ya buɗe kamfanin Athletic Model Guild, a 1951 kuma ya fara buga mujallar Physique Pictorial. A fili mujallar lafiyar jiki ce, hotunan 'yan kokawa da masu ɗaga ƙarfe. Masu saye sun san abin da suke saye. Daga baya ya riƙa yin gajerun fina-finai da labarai na shirme, kaya na arha, da 'yan wasan da ba su iya wasan kwaikwayo ba. Yau kallonsu dariya ne tsantsa, kuma daraktocin zamani suna kwaikwayon launinsu da shirmensu da gangan. A 1962 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa irin waɗannan mujallu ba batsa ba ne da za a hana aikawa ta gidan waya.

Reshe na biyu shi ne fina-finan gwaji. Kenneth Anger, a gajeren fim ɗinsa Scorpio Rising na 1963, ya ɗauki samari masu babura suna goge ƙarfe suna sa rigunan fata, ya ɗora musu waƙoƙin soyayya na rediyo. Ba wasanni ya ɗauka ba, amma dabarar ɗora waƙar shauƙi a kan hoton mazantaka daga wurinsa ta yaɗu. Sai kuma farkon shekarun 1990, lokacin da mai sharhi B. Ruby Rich ta raɗa wa wani sabon yayin fina-finan masu son jinsinsu suna New Queer Cinema a 1992, yayin da masu shirya fim suka daina neman a tausaya musu, suka koma tsokana.

Hollywood ma ta ba da nata tallafin ba da niyya ba. Wasan ƙwallon raga a kan rairayi cikin Top Gun na 1986, jiki duk mai, ya zama abin da gajerun fina-finai ba su gaji da yi wa shaguɓe ba.

Fina-finan batsa ne?

Ba su ba ne. Waɗanda ake nunawa a bukukuwa suna rayuwa ne a kan abin da bai faru ba: kallo, jinkiri, hannun da ya daɗe a kafaɗa. Da yawa ko sumba babu. Wasu kan nuna tsiraici na ɗakin wanka, kuma bukukuwa kan sa musu iyakar shekaru. Na manya ne dai, ba na yara ba.

Me ya sa gajere? Ba za a iya ja ya kai awa biyu ba?

Dalili na farko kuɗi. Fili guda, jesi goma sha biyar, ƙarshen mako biyu, an gama. Ɗaliban makarantun koyon fim su ne suka fi yin irinsa, kuma sau da yawa ƙungiyar unguwa ce ke ba da aron fili da 'yan wasa.

Na biyu, raha irin wannan ba ta jure tsawo. Zuzutawa tana da daɗi a minti na uku, a minti na arba'in ta zama surutu. Dogon fim dole ya amsa tambayoyi: me iyaye suka ce, koci ya kore shi ko bai kore shi ba, sun zauna tare? Gajeren fim yana iya tsayawa a daidai lokacin da aka busa usur, mutum biyu na kallon juna, ya bar mai kallo da sauran aikin. Marubuta kan yi lissafin shafi guda na rubutu daidai da minti guda na fim, don haka labarin duka bai wuce shafi bakwai zuwa goma sha biyu ba.

Waɗanne dabaru ake yawan gani?

Babbarsu ita ce tafiyar hawainiya. Fim na yau da kullum yana gudu a kan hoto 24 cikin daƙiƙa. Idan aka ɗauka a kan hoto 120 aka nuna a kan 24, motsi ya ragu sau biyar. Tashoshin wasanni suna amfani da wannan don a ga ko ƙafa ta taɓa ƙwallo. Daraktan kamp yana amfani da shi don a ga ɗigon gumi yana gangarowa daga haɓa. Kayan aikin ɗaya ne, inda aka nufa da kyamara ne ya bambanta.

Sai muryar mai sharhi. Wannan ita ce dabarar da na fi so, domin kusan ba ta buƙatar rubutu. Masu sharhin wasa na gaske sun saba yabon ƙirar jiki da ƙarfin cinya da fahimtar juna tsakanin 'yan gaba biyu, cikin shauƙin da babu inda namiji ke magana da shi a kan wani namiji. A ɗauki irin waɗannan kalamai yadda suke, a ɗora su a kan hoton da aka jinkirta, shi ke nan.

Akwai launi: ruwan hoda, ƙyalƙyali, hasken da ya fi kama da na gidan rawa. Akwai mayar da atisaye rawa, inda miƙe jijiya bibbiyu ke komawa tangon masoya. Akwai sauya jesi bayan wasa, wanda a irin wannan fim yake zama kamar musayar kyautar aure. Har dokar hukumar ƙwallo tana shiga ciki: tun 2004 duk wanda ya tuɓe riga yana murnar ƙwallo katin gargaɗi ne sakamakonsa, kuma alƙalin da ke hukunta tuɓe riga alhali ya kasa ɗauke idonsa ya zama ɗan wasan barkwanci da ake yawan maimaitawa.

Ba rashin tausayi ba ne a yi dariya a kan abin da ya lalata rayuwar mutane?

Tambaya ce mai nauyi, kuma masu shirya fina-finan sun san tarihin sarai. Justin Fashanu, baƙar fata na farko da aka saya a kan fam miliyan ɗaya a Ingila lokacin da ya bar Norwich zuwa Nottingham Forest a 1981, ya bayyana kansa a matsayin mai son jinsinsa a 1990. Ya sha zagi daga 'yan kallo da jaridu, ya kashe kansa a 1998 yana da shekara 37. Bayansa sai da aka yi shekara fiye da talatin kafin wani ƙwararren ɗan ƙwallon ƙafa namiji da ke kan bugawa a Ingila ya sake yin haka, wato Jake Daniels na Blackpool a 2022, yana ɗan shekara 17. Thomas Hitzlsperger na Jamus ya jira sai da ya yi ritaya, ya yi magana a 2014. Josh Cavallo a Ostireliya ya fito a 2021, Jakub Jankto na Jamhuriyar Czech a 2023. A zari-ruga Gareth Thomas, tsohon kyaftin ɗin Wales, ya yi a 2009. A ƙwallon kwandon Amurka Jason Collins ne a 2013. Ana iya ƙirga su da yatsu, a cikin dubban ƙwararru.

Akwai labarin Glenn Burke ma. Shi ake dangantawa da fara tafa hannu a sama, wannan gaisuwar murna da ta game duniya, ranar 2 ga Oktoba 1977 tare da Dusty Baker a ƙungiyar wasan baseball ta Dodgers da ke Los Angeles. Burke mai son jinsinsa ne, abokan wasansa sun sani, kuma bai daɗe a gasar ba. Ya bayyana kansa a 1982 bayan ya bar wasa, ya rasu a 1995. Gaisuwar ta zauna a fili, mai ita bai samu wurin zama ba.

To, fina-finan baƙin ciki a kan wannan suna da yawa, kuma suna da amfaninsu. Wonderkid na 2016, gajeren fim ɗin Birtaniya a kan matashin ɗan ƙwallo mai ɓoye kansa, babu raha a cikinsa ko kaɗan. Amma idan kowane labari ya ƙare da kuka a bandaki, matashin da ke kallo zai ɗauka iyakar abin da ke jiransa ke nan. Raha tana juya kujerar. Ba wanda ya ɓoye kansa ake yi wa dariya ba, tsarin da ya halatta a kwanta a kan juna a gaban mutum dubu sittin ya kuma haramta kalma guda shi ake yi wa.

Mata fa? Ko maza kaɗai ake yi a kansu?

Ana yi, amma barkwancin ya sha bamban, domin yanayin ya sha bamban. A gasar cin kofin duniya ta maza ta 2022 babu ɗan wasa ko ɗaya da ya bayyana kansa. A ta mata ta 2023 gwammai ne. Hoton Magdalena Eriksson ta Sweden tana sumbatar Pernille Harder a gefen fili bayan wasa da Kanada a 2019 ya zaga duniya ba tare da wata girgizar ƙasa ba. Saboda haka sirri ba shi ne jigon fina-finan mata ba. Abin dariyarsu ya fi karkata ga rikicin cikin gida: tsohuwar masoyiya tana tsaron baya a ƙungiyar da za a kara da ita, ko rabin ƙungiya sun taɓa soyayya da ɗaya rabin, koci kuma na ƙoƙarin tsara sahu ba tare da an yi faɗa ba.

Akwai dogayen fina-finai masu irin wannan salo?

Kaɗan, kuma sun cancanci ambato don suna nuna inda gajerun ke ɗiban ruwa. Fim ɗin Thailand The Iron Ladies na 2000 an gina shi ne a kan wata ƙungiyar ƙwallon raga ta gaske da ta ci gasar ƙasa a 1996, kuma ya yi kasuwa sosai a can. Les Crevettes pailletées na Faransa, 2019, ya samo tushe daga wata ƙungiyar ƙwallon ruwa ta birnin Paris. Diamantino na 2018, labarin wani tauraron ƙwallon Portugal mai ƙaramin tunani da ke ganin manya-manyan 'yan kwikwiyo masu gashi suna gudu tare da shi a fili, ya ci babbar kyautar makon masu sharhi a Cannes.

Yaya ake bambance mai kyau da mara kyau?

Abu na farko da nake dubawa shi ne ko wanda ya yi fim ɗin yana son wasan. Ana ganewa cikin minti ɗaya. Wanda ba ya so zai sa mai tsaron gida ya tsaya inda babu mai tsaron gida da zai tsaya, ya sa a buga fenareti kamar ana shure ƙofa. Wanda ya taɓa zama a benci cikin sanyi yana jiran a sa shi ya san warin ɗakin sauya kaya, ya san shirun da ke biyo bayan shan kaye, kuma rahar tasa tana fitowa daga ciki.

Na biyu, ko akwai mutum a cikin jikin. Akwai fina-finai da yawa da ba su wuce tallar turare ba: ƙirji, ciki, ruwa na zuba, waƙa, ƙarshe. Wannan kallon ƙwalam ne kawai aka sa masa jesi. Kuma kusan kullum jiki iri ɗaya ake nunawa, matashi, siriri, murɗaɗɗe, alhali duk wanda ya san zari-ruga ya san 'yan sahun gaba ƙattai ne masu tumbi da murɗaɗɗen kunne, kuma su ne suka fi kowa rungumar juna.

Na uku, ko akwai wurin da dariyar ke tsayawa na ɗan lokaci. Kamp na gaske yana da ciwo a ƙasansa. Idan a tsakiyar ƙyalƙyalin nan aka samu daƙiƙa biyar da fuskar ɗan wasa ta nuna da gaske yake, to fim ɗin ya yi aikinsa.

Su ƙungiyoyin wasa suna jin haushi ne?

Wasu ma sun riga masu fim gano kasuwar. Ƙungiyar zari-ruga ta Stade Français a Paris, ƙarƙashin shugabanta Max Guazzini, ta fara fitar da kalandar Dieux du Stade a 2001, hotunan 'yan wasanta kusan tsirara, daga baya kuma ta koma sa jesi ruwan hoda. 'Yan tseren kwale-kwale na jami'ar Warwick a Ingila sun fara tasu kalandar a 2009 don tara kuɗi, da suka gano su wane ne ke saye sai suka karkata kuɗin ga yaƙi da ƙyamar masu son jinsinsu a wasanni.

Akwai kuma ƙungiyoyin da masu son jinsinsu suka kafa da kansu: Stonewall FC a Landan a 1991, Kings Cross Steelers ta zari-ruga a 1995, ga gasar Gay Games da Tom Waddell ya assasa a San Francisco a 1982, da kofin Bingham na zari-ruga da aka fara a 2002. Irin waɗannan ƙungiyoyi ne sukan ba masu fim aron 'yan wasan da suka iya wasan da gaske.

A ina ake nuna su?

A bukukuwa tukuna. Frameline na San Francisco, wanda ya fara a 1977 da gajerun fina-finai, shi ne mafi daɗewa. Akwai BFI Flare a Landan tun 1986, da Inside Out a Toronto tun 1991. Bikin Berlin yana ba da kyautar Teddy ta fina-finan masu son jinsinsu tun 1987, kuma tana da rukunin gajeren fim. Kyautar Iris a Cardiff, wadda aka fara a 2007, ta gajerun fina-finai ce kaɗai, kuma an shafe shekaru ana bai wa wanda ya ci fam 30,000 don ya yi fim na gaba. Bukukuwa kan tara biyar ko shida su nuna a zama ɗaya, sau da yawa a ƙarƙashin taken wasanni. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai fim ya sauka a Vimeo ko YouTube.

Doka fa?

Ta danganta da ƙasa. Fiye da ƙasashe 60 suna hukunta mu'amalar jinsi ɗaya, mabiya addinai da dama suna ɗaukar ta haramun, kuma a wasu wuraren dokar ta shafi nunawa da yaɗawa. Rasha ta yi doka a 2013 da ta hana nuna wa yara irin wannan, ta faɗaɗa ta zuwa manya a 2022. Hukumar tace fina-finai ta Kenya ta haramta fim ɗin Rafiki, labarin soyayyar 'yan mata biyu, a 2018. Wannan ya sa mafi yawan fina-finan suke fitowa daga Turai, Amurka ta Arewa da ta Kudu, Ostireliya da wasu sassan Asiya.

Mene ne ya fi ba masu shiryawa wahala?

Ba abin da mutane ke zato ba. Wuraren taɓa jiki an samar musu tsari: akwai mai kula da irin waɗannan fitowa, wanda ke zama da 'yan wasa kafin ɗauka a amince da inda hannu zai kai da inda ba zai kai ba, aikin da ya yaɗu bayan tashar HBO ta mayar da shi ƙa'ida a 2018. Idan labarin na 'yan makaranta ne, baligai ake ɗauka su fito a matsayin.

Ainihin ciwon kai shi ne ƙwallon. Jarumin da ya iya kuka da ido ɗaya bai iya tare ƙwallo da ƙirji ba, ɗan ƙwallon da ya iya kuma da an kunna kyamara sai ya sandare. Shi ya sa ake yawan ganin ƙafa dabam, fuska dabam. Cika wurin zaman 'yan kallo ma aiki ne, mutum talatin ake tarawa a kusurwa guda a ɗauka ta ƙasa, a ƙara ihun da sauti. Ba a sa tambarin ƙungiya ta gaske sai da izini, don haka ake ƙirƙiro ƙungiyoyin bogi, wanda ya zama wata damar barkwanci a sunaye da launuka.

Sai waƙa. Salon ya dogara ne a kan fitacciyar waƙar shauƙi da kowa ya sani, kuma lasisinta kan fi kuɗin fim ɗin gaba ɗaya. Wasu kan sayi izinin nunawa a bukukuwa kaɗai, wanda ya fi araha, sai su rasa damar sa fim ɗin a intanet daga baya. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ake jin labarin wani fim ya tayar da ɗaki da dariya a biki, a neme shi a ko'ina a rasa. Masu dabara suna neman abokinsu mawaƙi tun farko ya rubuta musu sabuwar waƙa mai kama da tsohuwar, wadda ba ta kai kamar da lauya zai aiko da takarda ba.